Kasafin shekara ya tashi daga aiki tun ba a kai rabi ba: a sake wani ko a canja hanya?

Rabi'atu
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma na fi son ji daga bakin waɗanda suka taɓa riƙe kuɗin ma'aikata da hannunsu. Ni ke kula da kuɗi a wata ƙungiya, ba babba ba ce can, ba kuma ƙarama ba. Kasafin da hukumar gudanarwarmu ta sa wa hannu a ƙarshen bara, tun ba mu kai rabin shekara ba ya tashi daga aiki. Kayan aiki sun yi tsada, wani babban mai ba mu kuɗi ya ja ƙafa, kuɗin ruwan bashin da ke kanmu kuma ya hau. Yanzu shugaban hukumar ya ce in kawo sabon kasafi na sauran shekarar. Ni kuma a raina na san wanda zan kawo ɗin ma ba zai kai labari ba. Shin a irin wannan zamani da ba a san abin da gobe za ta haifar ba, kasafin shekara yana da sauran amfani, ko dai sabo ne kawai ya hana mu bari?

Ɗanlami
Wa alaikumus salam. Amfaninsa ɗaya ne: idan abu ya lalace a samu wanda za a ɗora wa laifi. Kuma ke ce.

Baba Akanta
Ɗanlami, ka bari a yi magana.

'Yata Rabi, kada ki sake kasafin nan. Inda ake ɓata hanya shi ne a ɗauki kasafi kamar duba, a ce tunda bai faɗa daidai ba ya yi ƙarya. Kasafi izini ne. Hukuma ta zauna ta ce mun yarda a kashe kaza a kan kaza, abin da ya haura haka a dawo mana. Wannan iznin bai mutu ba don farashi ya motsa. Idan kika goge shi kika rubuta sabo, bayan wata uku kika sake gogewa, a ƙarshen shekara da me za a auna ku? Kowane shugaban sashe zai zo yana cewa ai ya tsaya cikin kasafinsa, alhali kasafin ne ya yi ta bin sa a baya.

Abin da za ki kai wa shugaban hukumar shafi ɗaya ne mai gida uku: abin da aka amince da shi, abin da ya faru zuwa yau, da abin da kike ganin zai faru zuwa ƙarshen shekara. Gida na ukun shi ne hasashe, kuma shi kike da damar canjawa kowane wata ba sai kin nemi iznin kowa ba. Tazarar da ke tsakanin na farko da na uku, a kanta ya kamata hukuma ta ɓata lokacinta.

Nura M.
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa maka. Izinin da aka bayar bisa farashin bara da kuɗin shigar da ba su zo ba, wane irin izini ne? Akwai manyan wurare da suka yi watsi da kasafin shekara gaba ɗaya kuma ba su rushe ba. Bankin Handelsbanken na ƙasar Suwidin ya daina yin kasafi tun zuwan Jan Wallander a matsayin shugabansa a 1970. Da aka yi rikicin bankuna a ƙasar a farkon shekarun 1990, bankin bai karɓi ceton gwamnati ba. Fiye da shekara 50 ke nan ba ya kasafi. Mu kuma nan muna kwashe watanni muna cika Excel da lambobin da kowa ya san cinikinsu aka yi a ɗakin taro.

Baba Akanta
Nura, labarin nan na san shi tun kafin a haife ka. Amma rabinsa ka kawo. Wallander bai cire linzami ya bar doki ba. Ya cire kasafi ya sa wani ma'auni da ya fi shi tsanani: kowane reshe ana gwada shi da sauran rassa, nawa ka kashe kafin ka samo nawa, bankin kansa kuma ana gwada ribarsa da ta abokan gasarsa. Manajan da ya zo na ƙarshe a jerin ba shi da kasafin da zai ɓuya a bayansa. To banki ne mai ɗaruruwan rassa. Rabi da ofishinta ɗaya, da wa za ta gwada kanta? Kuma bankin da ya ba su bashi da masu ba su tallafi, idan suka ce a kawo kasafi, sai ta ce musu ai wani banki a Suwidin ba ya yi?

Malam Isuhu Odita
Ni ina ganin Baba da Nura kowa ya kama gefen gaskiya, amma ciwon yana wani wuri. Lamba ɗaya muke ɗora wa aiki uku waɗanda ba sa jituwa.

Ku duba. Idan aka ce wa shugaban sashen ciniki ya faɗi abin da zai shigo baɗi, ya san da lambar nan za a auna shi, da ita za a ba shi lada ko a hana shi. Saboda haka zai rage. Idan aka ce wa shugaban sashen ayyuka ya faɗi abin da zai kashe, ya san abin da ya rubuta shi ne iyakar abin da za a ba shi, kuma ya san za a yanke wani abu a ciki. Saboda haka zai ƙara. Sai a haɗa ragin wancan da ƙarin wannan a kira shi hasashe. Babu wanda ya yi sata, kowa ya kare kansa ne, amma hukuma ta rasa abu ɗaya da take bukata, wato gaskiyar abin da ake tsammani.

Buri daban, shi ne abin da muke so ya faru. Hasashe daban, shi ne abin da muke ganin zai faru ko muna so ko ba ma so. Rabon kuɗi kuma daban. Kamfanin man Norwe, Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, da ya bar kasafin gargajiya a 2005 wannan rabuwar ce ginshiƙin abin da ya yi. Kuma ba sai ka jefar da kasafi kafin ka yi ta ba. A lokacin da abubuwa ke tafiya daidai, cakuɗa ukun nan ba ya kashe kowa. A lokacin rashin tabbas kuwa, ma'aikatar da ake jin tsoron kawo mata mummunan hasashe ita ce ke jin labarin a makare.

Rabi'atu
Malam Isuhu, kamar kana ɗakin taronmu. Duk wanda ya rage hasashensa, kallon mai gazawa ake masa, shi ya sa kowa ke riƙe lambarsa har sai ta fashe.

Hajiya Talatu
Na karanta duka, kuma ban ji wanda ya ambaci abin da ke rufe ma'aikatu ba. Ba kasafi ke rufe su ba, ba ma asara a takarda ba. Ranar biyan albashi ce ke zuwa babu kuɗi a asusu.

Kamfanin gine-gine na Carillion a Birtaniya ya yi shekaru yana sanar da riba yana raba wa masu hannun jari. Da ya durƙushe a watan Janairun 2018, tsabar kuɗin da aka samu a hannunsa fam miliyan 29 ne, abin da ke kansa kuwa ya kusa fam biliyan 7. Riba ana iya rubuta ta tun kuɗin bai shigo ba. Abin da ke asusu ba ya jin rubutu.

Ƙanwata Rabi, kafin ki taɓa kasafin shekara ki yi jadawalin mako 13, wato wata uku. Kowane mako gida ɗaya. A sama, abin da kika buɗe da shi a banki. Sai abin da zai shigo a makon, ba ranar da aka yi alkawari ba, ranar da kika san mutumin ya saba biya. Sai abin da zai fita: albashi, haya, haraji, bashi, 'yan kwangila. A ƙasa, abin da ya rage. Kowane farkon mako ki cire wanda ya wuce, ki sa ainihin abin da ya faru, ki ƙara sabon mako a ƙarshe. Abu ɗaya za ki sa wa ido: wane mako ne lambar ƙasa ke yin kusa da sifili. Idan kika hango shi tun saura mako takwas, kina da lokacin zama da banki, da bin masu riƙe muku kuɗi, da roƙon mai kawo kaya ya ɗaga miki ƙafa. Idan kika gan shi saura kwana uku, duk wanda kika je wa ya san a matse kike, kuma da farashin matsi zai yi miki magana.

Ɗanlami
Hajiya ta gama magana. A rufe zaure.

Sadiya
Ba a rufe ba tukuna. Hajiya, jadawalinki daidai ne, amma akwai tarko a cikinsa ga ƙungiyoyin da ke rayuwa da tallafi, kuma ina jin Rabi tana cikinsu. Ba duk kuɗin da ke asusu ne naka ba. Mai tallafi ya ba ka kuɗi don wani aiki na musamman, ba ka da ikon biyan haya ko albashin ofis da su. Sai ka ga asusu cike, ƙungiya kuma tana mutuwa. Dole a raba jadawalin gida biyu, kuɗin da aka ɗaure da waɗanda ke sake. Na biyun ne ke nuna kwana nawa ya rage muku. Mafi haɗari shi ne a ce bari mu ranta daga na aikin wane, in na wane ya shigo mu mayar. Ranar da na wanen bai shigo ba, an tashi daga matsalar kuɗi an faɗa matsalar amana, kuma ita ba ta gyaruwa da sabon tallafi.

Malam Isuhu Odita
Wannan rancen da Sadiya ta faɗa, shi muka fi tararwa idan muka buɗe littafi. Kusan koyaushe da kyakkyawar niyya aka fara shi.

Kabiru S.
Sannunku. Ni shawarata a yi yanayi uku: mai kyau, matsakaici, da maras kyau. Haka muke yi a wurinmu, kuma hukuma tana jin daɗinsa.

Ɗanlami
Yaya Kabiru, tana jin daɗinsa mana, ai ba ya tayar wa kowa hankali. Na san yadda ake dafa shi. A ɗauki kasafin da ake da shi, a ƙara kashi 10 cikin 100 a ce mai kyau, a rage kashi 10 a ce maras kyau. Hukuma ta kalli na sama ta yi murmushi, ta kalli na ƙasa ta ce Allah ya kiyaye, ta zaɓi na tsakiya, a tashi. A watan Afrilun 2020 farashin ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, har mai kaya ne ke biya a ɗauke masa. A cikin yanayi ukun wa aka rubuta wannan?

Sadiya
Yau dai Ɗanlami ya faɗi abin kamawa. Ƙari da ragin kashi 10 ba yanayi ba ne, kasafi ɗaya ne aka sa wa riga uku.

Waɗanda suka fito da wannan hanyar a duniyar kasuwanci ba haka suka yi ta ba. A farkon shekarun 1970, Pierre Wack da abokan aikinsa a kamfanin Shell ba lamba suka ƙara ko suka rage ba. Tambaya suka yi: me zai faru idan ƙasashen da ke haƙo mai suka daina yarda da farashin da ake ba su? Suka bi abin daki-daki, suka sa manajoji suka yi tunaninsa tun bai zo ba. Da rikicin mai na 1973 ya zo, farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni, su ba baƙon labari ba ne a wurinsu. Ba wai sun san ranar ba. Sun dai riga sun yi gardamar da wasu suka fara yi bayan gobara ta tashi.

Saboda haka yanayi daga sababi yake farawa. Rabi ta zauna ta tambayi kanta: abubuwa nawa ne idan ɗaya ya motsa komai namu ya motsa? Yawanci ba su wuce uku ko huɗu ba. Babban mai ba da kuɗi. Canjin kuɗi, idan da kuɗin wata ƙasa ake sayen kaya ko ake karɓar tallafi. Kuɗin ruwa. Farashin abin da aka fi saya. Sai a ɗauki kowanne a ce: idan wannan ya tsaya cak, ba raguwa ba, tsayawa, wata nawa za mu yi a raye? Kada wani ya ce ba zai yiwu ba. Birtaniya ta rage tallafin da take ba ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa a 2021. A ranar 20 ga Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje na kwana 90, umarnin tsayar da aiki ya riski ƙungiyoyi suna tsakiyar shekara da ma'aikata da kwangiloli a hannu. Duk wanda mafi munin yanayinsa ragin kashi 10 ne, takardarsa ba ta yi masa komai ba a ranar.

Kabiru S.
Na yarda da sukar. To amma in an rubuta mummunan yanayin, sai me? Sai a ajiye a durowa?

Sadiya
Nan ne aikin yake, Yaya Kabiru. Kowane yanayi a ɗaura masa alama da mataki. A rubuta tun yanzu: idan kuɗinmu na sake ya faɗi ƙasa da abin da zai riƙe mu wata uku, an daina ɗaukar sababbin ma'aikata, an tsayar da sayen kadara. Idan ya faɗi ƙasa da na wata biyu, ga aikin da za a dakatar, ga kwantiragin da ba za a sabunta ba. A yi wannan gardamar yanzu da hankali ke kwance. Idan aka bari sai ranar, mai babbar murya ne zai tsira da sashensa, ba wanda aikinsa ya fi muhimmanci ba.

Nura M.
Tunda an zo maganar yanka, me zai hana Anti Rabi ta fara daga sifili? Kowane sashe ya zo ya kare kowane layi kamar yau aka buɗe ma'aikatar. Babu zancen abin da aka ba ka bara da ɗan ƙari.

Baba Akanta
Nura, ɗazu ka ce a jefar da kasafi, yanzu kuma ka kawo wanda ya fi kowanne cin takarda.

Hanyar tana da asali mai kyau. Peter Pyhrr ne ya tsara ta a kamfanin Texas Instruments a ƙarshen shekarun 1960. Jimmy Carter ya ɗauke ta yana gwamnan Jojiya, da ya zama shugaban ƙasa ya shimfiɗa ta a kan gwamnatin tarayyar Amurka a 1977. Takardu suka yi wa ma'aikatu yawa, gwamnatin da ta biyo baya ta ajiye ta. A wannan zamanin namu kamfanin Kraft Heinz ya yi suna da ita wajen matse kashe kuɗi, sai ga shi a watan Fabrairun 2019 ya rage darajar kadarorinsa da dala biliyan 15.4. Masu sharhi da dama sun ce an matse har an taɓa abin da ke raya kayan kamfanin a idon masu saye.

Ban ce ba ta da amfani ba. A ɗauki sashe ɗaya ko biyu inda ake zargin kitse ya taru, a tone su har ƙasa, baɗi a ɗauki wasu. Amma yarinyar da ke neman yadda za ta kai ƙarshen shekara, ka ce ta tone ma'aikata gaba ɗaya a tsakiyar ruwa?

Hajiya Talatu
Duk da haka, Baba, na fi son hanyar Nura a kan abin da aka saba yi, wato a ce kowane sashe ya rage kashi 15, a kira shi adalci. Ba adalci ba ne, gudun yanke hukunci ne. Wanda ya cusa ƙari a kasafinsa tun farko bai ji komai ba, wanda ya rubuta gaskiya shi aka yanka a tsoka. Baɗi kuma kowa ya koyi darasi, kowa zai cusa.

Kuma a lura da abin da hannu ke fara kaiwa gare shi: gyaran injuna, horar da ma'aikata, inshora. Suna da sauƙin yankewa don ba sa kuka a ranar. Injin da aka ƙi yi wa gyara bana, cikin kasafin baɗi zai fito, kuma ya ninka.

Sadiya
Hajiya, a kan horo ban bi ki duka ba. Idan zaɓin ya zama tsakanin taron horo da albashin mutum biyu, ni horon zan yanke ban ko waiwaya ba.

Hajiya Talatu
Idan an kai nan, ni ma haka. Abin da nake ƙi shi ne a fara da shi tun ba a kai nan ba, motocin manya kuma ba a taɓa su ba.

Rabi'atu
Ina ta rubutawa. Amma ga abin da ke damuna game da shi kansa hasashen. Ni ba masaniyar tattalin arziki ba ce. Ta yaya zan san inda farashi ko kuɗin ruwa za su kai nan da wata shida?

Malam Isuhu Odita
Ba za ki sani ba, kuma kada wannan ya hana ki barci, don waɗanda aikinsu ke nan ma ba su sani ba. A 2021 babban bankin Amurka yana cewa hauhawar farashi mai wucewa ce. A watan Yunin 2022 ta kai kashi 9.1 cikin 100, bankin da kansa ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a watan Maris na 2022 zuwa sama da kashi 5 a watan Yulin 2023. Ɗaruruwan masana gare su da bayanan da ke ba ki da su. Wani mai bincike, Philip Tetlock, ya bi hasashen masana 284 na kusan shekara 20, ya tarar cewa yawancinsu ba su fi mai cinta da ka da wani abin kirki ba.

Abin da ke hannunki ya fi wannan amfani. Na farko, ki gina hasashen a kan abubuwan da ke tuƙa shi, ba a kan jimla ba. Kada ki rubuta kuɗin sufuri kaza. Ki rubuta tafiya nawa, kowace nawa. Idan farashi ya canja, gida ɗaya za ki taɓa komai ya bi. Na biyu, ki daina ba hukuma lamba ɗaya tilo, ki ce tsakanin kaza da kaza, ga abin da zai kai mu sama, ga abin da zai kai mu ƙasa. Na uku, kuma shi aka fi mantawa, ki ɗauko hasashenku na shekarun baya ki jera su da abin da ya faru. Za ki ga kuskuren ba warwatse yake ba, gefe ɗaya yake karkata. Kuɗin shiga kullum a makare, ayyuka kullum sun haura abin da aka ce. Gidan wasannin nan na Sidni a Ostareliya an ƙiyasta shi a dalar ƙasar miliyan 7, aka gama shi a 1973 a kan miliyan 102. Ɗan Adam idan yana ƙiyasta aikin da yake so, rowar lamba yake yi. Idan tarihinku ya nuna ayyukanku sukan haura da kashi ɗaya cikin biyar, ki ƙara shi tun a farko, ko shugaban aikin ya rantse cewa wannan karon daban ne.

Nura M.
Kuma kada hasashen ya tsaya a ƙarshen shekarar kuɗi kamar duniya za ta tashi a ranar. Kowane wata uku a ƙara wasu ukun a gaba, kullum ana hangen wata 12 ko fiye. A wata na goma, mai kasafin shekara wata biyu kawai yake gani a gabansa.

Baba Akanta
Wannan na yarda da kai. Da sharaɗin ya zama gajere. Na ga wuraren da suka ce sun koma sabunta hasashe, sai ya zama kasafi huɗu suke yi a shekara maimakon ɗaya, kowanne da layi ɗari biyar. Layi 20 zuwa 30 sun isa. Idan sabuntawar ta fi 'yan kwanaki, ba hasashe ake yi ba, azabtar da akantoci ake yi.

Ɗanlami
A rubuta ranar nan. Baba da Nura sun haɗu a layi ɗaya.

Kabiru S.
Saura asusun ko-ta-kwana. Nawa ya kamata a ajiye? Kullum ina jin ana cewa na wata uku zuwa shida.

Hajiya Talatu
Ana faɗa, kuma ba laifi a fara da shi, amma ba aya ba ce. Wanda rabin kuɗinsa daga hannun mutum ɗaya yake fitowa, kuma yawancin abin da yake kashewa albashi ne da haya da ba sa raguwa da sauri, yana bukatar fiye da wanda ke da abokan ciniki dubu. Tambayar ita ce: idan babbar ƙofarka ta rufe yau, wata nawa za ka ɗauka kafin ka rage jikinka ba tare da ka karya doka ko ka ci haƙƙin ma'aikaci ba? Kuɗin sallama ma kuɗi ne, mutane suna mantawa da shi.

Sannan a ina aka ajiye? A watan Maris na 2023 masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 daga bankin Silicon Valley a rana ɗaya, washegari hukumar kula da bankuna ta rufe shi. Kamfanoni da yawa da suka tara komai nasu a can sun kwana ba su san da me za su biya albashi ba, sai da gwamnati ta shigo ta tsaya wa ajiyar. Suna da asusun ko-ta-kwana, amma a ɗaki ɗaya da gobarar.

Sadiya
Akwai kuma hukumomin da ke mayar da asusun abin ado. A tara shi da wahala, ranar da ya kamata a taɓa shi sai a ce a'a, na gaggawa ne. Ana sallamar mutane, kuɗin gaggawa na kwance. Dole a rubuta me ake kira gaggawa, da yadda za a mayar da abin da aka ɗiba.

Rabi'atu
To wa ke da ikon cewa an kai alamar? Hukumarmu sau huɗu take zama a shekara. Idan jadawalin Hajiya ya nuna mini ja a tsakanin zama da zama, jira zan yi?

Malam Isuhu Odita
Kada ki jira, kada kuma ki yanke ke kaɗai, don ranar da abin ya zo gaban mai bincike ba zai tambayi niyyarki ba, takarda zai nema. A zaman da ke tafe ki nemi hukuma ta naɗa ƙaramin kwamiti, mutum uku sun isa, shugaba da ma'aji da wani guda. A rubuta a bayanin taro cewa idan alama kaza ta bayyana suna da ikon ɗaukar mataki kaza cikin kwana kaza, har zuwa iyakar kuɗi kaza, sannan su kawo rahoto a babban zama. A kuma rubuta iyakar abin da shugaban ma'aikata zai iya matsarwa daga layi zuwa layi ba tare da ya dawo ba. Ki tabbata sakatare ya sa lambobin a cikin bayanin taron, ba "an tattauna an amince" kawai ba.

Nura M.
Malam, in shugaban hukumar ya ce shi dai sabon kasafi ya nema, ba kwamiti ba fa?

Baba Akanta
Sai ta ba shi gida na ukun nan, ya kira shi duk sunan da ya ga dama. Na farkon dai kada ta goge.